Katirel ɗin Barmo da Hancin Surukarsa

Katanga ɗaya ce tsakanina da Barmo Mai Fata a nan Tanut, shekara goma sha tara ke nan, kuma ban taɓa leƙawa ba don in san ko yana gida. Teburin goro da sukari gare ni a ƙofar gida. In na ga ƙudaje sun tashi daga kan sukarina sun yi gabas, to Barmo ya dawo. In sun komo mini, ya tafi kasuwa.

Ɗan ƙauyen Falanko ne. Shekarar da gero ya ƙi, ubansa ya turo shi birni wurin wani dillalin fata, ya fara da shafa gishiri, ya ƙare da kasuwancin kansa. Aikinsa shi ne bin kasuwanni, yau Belbeji, gobe Gangara, yana sayen ɗanyar fata a hannun mahauta, ta akuya da ta tumaki, da ƙirgin sa in ya samu. Sai ya zo gida ya baza, ya zuba gishiri, ya jibge, in ta taru ya kai wa majema a Damagaram. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba zan hana masa ba. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ba ya faɗa, ba ya fashin jam'i. Sai dai a sahu kullum akwai fili a damansa da hagunsa, liman ya gaji da cewa a matso. Shi kuwa hancinsa ya mutu tuntuni. Na ga ranar da ya gama juya fatar da ta kwana uku, tsutsa na zuba, ya goge hannu a gefen riga ya dama fura da shi, har yana yi mini bismilla. Na ce masa na ƙoshi, kuma ranar ban ci komai ba har magariba.

Motarsa Katirel ce, irin ƙananan nan na zamanin da, masu giya a jikin allon gaba kamar sandar tsohuwa. An ce wani Bature mai haƙa rijiyoyi ya shigo da ita, daga shi sai wani jandarma, daga jandarma sai Barmo. An kuma ce fara ce. Ni dai tun da na san ta launin romon kai gare ta. Ranar da ya saye ta ya cire kujerar baya ya jefa a garken awaki, don fata ta sami wuri. Ruwan fata da gishiri sun ci ƙasanta har kana ganin hanya na gudu tsakanin ƙafafunka, ya toshe ramin da murfin tukunya. In lagireto, tankin ruwan inji, ya fara yoyo sai ya zuba masa garin kuka, motar ta riƙa tafiya tana tururin miya. Ungulu biyu sun san ƙarar injinta, tun daga mayanka suke rako ta gida. Amma kuma, tsakani da Allah, ba rairayin da ke riƙe ta. Inda manyan motoci ke nutsewa ana tono, ita sai ta karkata kamar raƙumi ta wuce.

Gidan da ke fuskantar nawa na Malam Kaleb ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, dattijo a majami'arsu. Shi ma yana da tsohuwar ƙaramar mota, Fijo ɗari biyu da biyar, shuɗiya. Matarsa Tamar ta ɗinka mata riga da tsofaffin zannuwa, ana lulluɓe ta kamar jinjiri. Ledar da ke kan kujeru ba a taɓa cire ta ba. Ranar Lahadi ake yaye mata riga, Malam ya goge ta, ya tuƙa ta zuwa majami'a, tafiyar da kaza ma za ta yi ba ta huta ba, ya dawo ya sake gogewa.

Kowane yammaci mutanen nan biyu suna zaune a bencina suna gardamar wacce ta fi. Malam ya ce gilashin tasa da hannu ake murɗawa ya sauka cikin mutunci, na Barmo kuwa turawa ake gefe kamar tagar mai sayar da tikiti. Barmo ya ce ƙafar tasa noti uku ne kawai, kafin Malam ya kwance na huɗu shi ya isa Gangara. Malam ya ce a kan gudoro, wato titin kwalta, Fijo za ta bar Katirel kamar a tsaye take. Barmo ya ce a sauka daga gudoro taku goma a gani, cikin Fijo a ƙasa yake kamar na agwagwa. Malam ya ce tasa ba ta taɓa kwana a garaji ba. Barmo ya ce wanda bai fita ba ai ba ya tuntuɓe, tasa kuwa ko maƙeri na iya gyara ta da waya da guduma. In na ga wutar za ta mutu sai in sa kara. In ce wa Malam, Barmo fa ya ce motarka amarya ce da ba ta tare ba. In juya in ce wa Barmo, Malam ya ce taka makabartar awaki ce mai taya. Ko ɗaya bai faɗa ba, amma duk gaskiya ne.

Abin da ya mai da wasan nan magana ta gaske shi ne idon Yagana.

Yagana ita ce uwar Raishatu, matar Barmo. Babarbariya ce, tana zaune a bayan kasuwa, sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma duk amaryar da ta isa amarya a garin nan da turarenta ake gyara mata ɗaki. Hanci gare ta na ban tsoro. Tana iya gaya maka matar da ta wuce ta bayan zana ko 'yar gidan wa ce. To ka duba ikon Allah, irin wannan mata aka ba suruki ɗan fata. Mijinta ne ya ba da auren kafin ya rasu, ita ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce to ba. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa kwana a gidan Barmo ba, ba ta taɓa cin tuwon gidan ba, ko ranar sunan jikokinta a soro take tsayawa da gefen mayafi a hanci. Shi kuma kunyar surukuta ta hana shi ko ɗaga ido. In ya je gaisuwa daga waje yake durƙusawa, Raishatu ta kai ta kawo amsa. In Yagana za ta ambace shi sai ta ce "mai gidan naki".

Ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu, shekara uku ba ta ganin komai sai hasken rana. Ɗanta Abdulgafar da ke aiki a Damagaram ya bugo waya ya ce ya samo mata rana a gidan likita, za a kankare mata ido ɗaya, a kawo ta ranar Laraba. Ta ce ba ta shiga motar haya a matse ta da buhuna ita ba ta gani. Tamar, da yake tsohuwar mai sayen turarenta ce, ta ce ai ga motarsu zaune.

Da labarin ya iso bencina na ga fuskar Barmo ta canza. Ya bari Malam ya tashi, sannan ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa:

"Dado, ina da mota a ƙofar gida, a ɗauki surukata a motar maƙwabci? Da wane ido zan shiga kasuwa? Shekara ashirin da huɗu ban taɓa yi mata wani abu ta karɓa ba. Wannan kaɗai nake da shi."

Na so in yi dariya, ban samu ba. Na dai ce masa to ya fara da wanka. Ya aiki Raishatu ta roƙa masa. Amsar da ta dawo ita ce, a jera motocin biyu ranar Litinin da hantsi, Inna za ta zo ta duba da kanta.

Kwana huɗu Barmo bai je kasuwa ba. Ya sa mai kura ya yi ta kawo ruwa, ya wanke Katirel da sabulu da kanwa da tsintsiyar kwakwa. Ruwan da ya fito ya biyo ta gaban teburina, baƙi mai kumfa, jakin mai kurar ma ya ƙi tsallake shi. Abin da aka tono daga ƙarƙashin kujera ba zan faɗa duka ba, don wataƙila wani na cin abinci. Akwai kunnen akuya, akwai wutsiya biyu, akwai wani abu da ya manne wanda sai da aka sa fartanya. Ya shiga garke ya ɗauko kujerar baya, wadda bunsurunsa ya shekara goma sha ɗaya yana kwana a kai, ya kakkaɓe ta ya ɗaura. Na ce masa Barmo, wannan kujera fa ta riga ta zama bunsuru. Ya sunkuya ya shaƙa ya ce shi bai ji komai ba.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya tuna yadda mata ke gyara ɗakin amarya. Ya aiki wata maƙwabciya a ɓoye ta sayo masa turaren wuta mafi kyau a garin, wato na Yagana, tun da babu wani. Ya sa garwashi a kasko uku, ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya a kan murfin tukunyar nan, ya zuba turare da hannu biyu, ya rufe tagogi, ya toshe ramuka da tsumma, ya bar motar a tsakiyar ranar bazara. Kwana biyu yana ƙari. Ni da nake da katanga ɗaya da abin, ina gaya muku warin fata shi kaɗai mutum na iya sabawa da shi. Amma in ya auri sandal da bunsuru suka dahu tare a cikin ƙarfe, abin da suke haifa ba shi da suna. Matata ta kwashe yara ta tafi gidansu wuni.

Litinin da hantsi aka jera su a gindin dogon yaro, Fijo an yaye mata riga tana sheƙi, Katirel tana ɗan fitar da hayaƙi ta gefen ƙofa. Rabin unguwa ya fito, kowa da abin da ya ce ya fito nema. Barmo ya sa farar riga ya koma can bayan itacen ya tsuguna, hula a hannu. Raishatu ta riƙo hannun uwarta suka iso.

Fijo aka fara buɗe mata. Ta sa kai, ta shafa ledar kujera, ta ja numfashi sau biyu. Ta ce roba ce da kafur, da ɗan fitsarin ɓera a gefen hagu, kuma motar na warin akwatin da mai shi ya daɗe da rasuwa. Malam Kaleb ya cire tabarau ya mai da. Tamar ta ce ɓera kuma, a gidanta? Barmo daga bayan itace na ga haƙoransa.

Sannan Raishatu ta buɗe ƙofar Katirel. Mutanen da ke kusa suka ja da baya kamar an watsa ruwan zafi. Yagana ba ta motsa ba. Ta tsaya a cikin abin nan, hancinta na rawa, har na fara tunanin ko ta suma a tsaye.

"Raishatu," in ji ta, "wannan sandal ɗina ne. Wanda na jiƙa kafin azumi. Kwana arba'in yana cikin tulu."

"Inna, gyara ya so ya yi."

"Wa ya turara mushe da turarena?"

Ta juya ta tofar da yawu, ta goge baki, sannan ta shiga lissafa abin da ke ciki kamar mai karanta wasiƙa: fatar akuya ta bara, ƙirgin sa da aka bari ya kwana ba gishiri, bunsuru tsoho, miyar kuka da ta ƙone. Ta ce shekara hamsin tana haɗa turare, an sa shi a ɗakin amare, an sa shi a likkafani, yau ne kaɗai ta ji kunyarsa. Ta ce a mai da ita gida, Laraba a zo da motar ɓeran.

Barmo bai fito daga bayan itacen ba sai da kowa ya watse. Ni ma ranar ban tsokane shi ba, sai da la'asar.

Da la'asar ɗin ne Malam Kaleb ya zo benci ya zauna yana murza hannu. Ya ce akwai magana. Shi rabonsa da ya wuce shingen jandarma na bakin gari shekara tara, in babbar mota ta taho sai ya ga kamar biyu ce. Tamar ce ta yi alkawari ba ta tambaye shi ba. Damagaram kuwa kusan kilo ɗari da hamsin. Kuma ba zai ba ɗan tasha motarsa ya tsinke mata giya ba. Duk garin nan, in ji shi, mutum ɗaya ya sani da bai taɓa taka ko kaza ba. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, Barmo ma yana kallon ƙasa.

Tamar ce ta kafa sharuɗɗan ba Barmo tuƙin Fijo, a tsaye, hannu a ƙugu. Wanka uku da sabulun da ita za ta bayar. Aski, da yanke farce har tsoka. Riga da wando da takalmi sababbi, kada su kwana a gidansa, a ajiye su a nawa. Na ƙarshe kuma ta maimaita shi sau biyu: ba saye, ba sayarwa, ko fatar ɓera ce. Barmo ya ce ya ji ya yarda. Yagana da aka gaya mata ta ce a buɗe tagogi duka. Ni aka ba kujerar gaba, don kada suruki ya zauna kusa da suruka, kuma dama ina da sarin goro a Damagaram.

Tafiya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Barmo ya fito fes kamar ango, sai ɗan abin da sabulu ba ya iya kaiwa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ba ya ko tari. Sau uku yana kai hannu allon gaba neman giya yana kama rediyo. Ya raɗa mini cewa motar ba ta da laifi a gudoro, amma kada in gaya wa Malam. A baya Yagana ta ce wa Raishatu mai gidan nata ya iya kauce wa rami. Barmo ya ji. Kunnuwansa har motsi suka yi.

Aka yi aiki lafiya, muka kwana biyu gidan Abdulgafar. Likita ya rufe idon da auduga ya ja kunne: ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba tari mai ƙarfi, amai kuwa ko kusa, don ɗinkin na iya buɗewa. Barmo na tsaye aka faɗa, har yana gyaɗa kai.

A hanyar dawowa muka tsaya Bakin Birji yin azahar, ashe ranar kasuwa ce. Na idar da salla na duba ban ga Barmo ba. Can na hango shi wajen mahauta, hannuwansa a baya kamar wanda aka ɗaure, yana zagaya wani ƙirgi da aka baza a ƙasa. Na sa ne, ja, babba, ba ƙuna ba yankan wuƙa ko ɗaya, an feɗe shi tun safe. Mahaucin abokinsa ne, yana ta cewa ɗauka kawai Barmo, rana za ta lalata mini shi. Na je na ja masa riga na ce ka tuna Tamar. Ya ce kallo kawai yake. Na tafi sayen ruwa wa mata. Da na dawo yana zaune a mota, ya tada inji, yana kallon gaba kamar liman.

Fijo irin wannan, wurin kayanta na baya ba a raba shi da mutane da komai ba sai wani ɗan faifai. Ƙirgin yana cikin buhu, buhun yana bayan kan Yagana, tazarar tafin hannu. Rana kuwa ta bazara, ƙarfe biyu. Ba mu yi kilo biyar ba ƙuda na farko ya shigo ta taga ya wuce ni ya yi baya. Raishatu ta ce, "Baban Mu'minat, me ka sa a motar mutane?" Ya ce tsarabar yara ce. Sai na ji wani sauti daga maƙogwaron tsohuwar, na waiwaya, ta dafe baki da hannu ɗaya, ɗayan a kan audugar ido, kafaɗunta na tashi.

Ta haɗiye. Ta sake haɗiyewa. Sannan ta ce:

"Barmo."

Motar ta yi tangal-tangal. Tun da aka ɗaura aurensa bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Tsaya. Na ba ka 'ya, ban nemi komai ba. Idon nan guda ɗaya bar mini shi."

Ya tsaya. Muka fito da ita muka zaunar a inuwar aduwa nesa da motar, Raishatu na yi mata fifita tana ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Allah ya taimaka aman bai zo ba. Barmo ya buɗe baya ya ciro buhun, jini da ruwa na ɗiga ta ƙasa, sun riga sun jiƙa shimfiɗar Malam sharkaf. To a nan ne raina ya ɓaci da shi na gaske. Surukarsa na zaune tana kokawa da cikinta, shi kuwa yana tsaye a bakin gudoro rungume da buhu, yana kallon rufin motar. Wallahi aunawa yake ko zai ɗauru a sama. Na ce masa in ya ɗora shi, ni da kaina zan kai ƙararsa wurin Tamar da ƙafa. Sai ya tafi can cikin daji ya hau wata aduwa da sabuwar rigarsa, ya rataye buhun a reshe, ya dawo yana waige yana ƙirga itatuwa don ya gane wurin.

Tamar na ƙofar gida muka iso. Ba ta ko buɗe motar ba, ta tsaya taku uku, ta kalli Barmo, ta kalli mijinta, ta shige ciki. Malam ya cire shimfiɗar ya ƙone, ya wanke wurin da kanwa, da toka, da lemon tsami. Yanzu in an yaye wa Fijo riga ranar Lahadi ƙudaje ne ke fara fitowa, Tamar kuma da ƙafa take zuwa majami'a. Gardamar yamma ta mutu, don Malam ya daina zama a bencina in Barmo na nan, na yi asarar mai sayen goro da abin dariya a rana ɗaya. Barmo ya koma da Katirel washegari da asuba ya sauko da ƙirginsa, ungulu sun ci gefe guda, ya yanke wurin ya sa wa sauran gishiri. Har ya zo yana nuna mini kyan gashin.

Idon ya buɗe. Yagana na ganin jikokinta, tana zare tsakuwa daga shinkafa da kanta. Bayan girbi Abdulgafar ya bugo ya ce lokacin ido na biyu ya yi. Barmo ya sake aiken Raishatu, ya ce wannan karon zai yi rantsuwa da abin da duk aka ce. Yagana ta ce yanzu tana gani, motar haya za ta shiga, ko da buhunan albasa za a haɗa ta. Raishatu ta yi ta magiya, ta ce Inna ko rakiya ce ki bar shi ya yi, mutane na kallo. Da ƙyar ta yarda ya raka su tasha, bisa sharaɗin kada ya taɓa jakarta.

Na gan su da safe sun wuce ta gaban teburina. Yagana a gaba ba mai riƙe mata hannu, Raishatu da jaka a ka, Barmo can baya hannu banza. A bakin kwana tsohuwar ta tsaya, ta ɗebi ƙasa kaɗan ta saki don ta ga inda iska ke kaɗawa, ta nuna wa Raishatu da haɓa. Raishatu ta juyo ta yi wa mijinta alama, shi kuma ya tsallaka ɗaya gefen hanya ya ci gaba da bin su.